Watan Mantun

A ƙauyen Dangwan, can cikin tuddan arewacin Shaanxi, in ka ji ƙararrawar alfadari da sassafe ranar ɗaya ga wata, ba sai ka leƙa ba, Dang Mantun ne zai je ɗauko uwarsa. Tun jiya ya wanke amalanken, ya shimfiɗa bargo a ciki. Akwai gajeriyar hanya ta bayan gari, amma ina, Mantun ba ya bin ta. Sai ta gaban tsofaffin da ke shan hantsi a gindin katangar haikali, don kowa ya shaida watan babba ya kama.

Asalin abin, da mahaifinsu ya rasu aka raba gida tsakanin Mantun da ƙanensa Shuanhu. Kawunsu Bai, ƙanen uwarsu, shi ya hau gadon ƙasa, dandamalin da ake zama ake kwana a kai, ya naɗe ƙafa ya yi rabon: ɗakunan kogo na kan tudu na babba, na gindin kwari na ƙarami. Da aka zo kan tsohuwa, ya ce uwa ba ta rabuwa biyu, sai dai a raba kwanakinta, wata ɗaya nan, wata ɗaya can. Amma in tafiya ta matso, a hau da ita ɗakin babba, a kan gadonsa za ta cika, da hannunsa zai sa mata tufafin ƙarshe. Mutumin da uwarsa ta mutu a gidan ƙanensa alhali yana raye, a Dangwan ba ya ƙara ɗaga murya a taro.

Mantun ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Manomi ne na gaske, gero da dankali, da awaki arba'in da uku da ya san kowacce da fuskarta. Ciwonsa ɗaya ne, idonsa ba ya zama a kwanonsa. In aka zuba masa taliya, sai ya leƙa kwanon na kusa da shi kafin ya fara ci, kuma kwanon da ya fi leƙawa tun yana yaro na Shuanhu ne. 'Ya'ya uku suka mutu a tsakaninsu, shi ya sa da Shuanhu ya zo ya zauna, uwar ta riƙe shi kamar ƙwai. Babba take ce wa wannan, Auta take ce wa wancan, amma Mantun ya rantse muryarta tana yin laushi in ta zo kan Auta. Mutum da furfurarsa, yana zaune yana auna muryar uwarsa.

Ana nan sai zancen man fetur ya zo. Man yana nan tun fil azal a ƙarƙashin tuddan, kuɗin haƙo shi ne gunduma ba ta da su. Sai hukuma ta yi shela, duk mai kuɗi ya zo ya haƙa. Ƙasa ta gwamnati ce, man da ke cikinta na gwamnati ne, abin da ya fito kuma matatar gwamnati kaɗai za a kai wa, a farashin da ta yanka. Kai dai ka zuba kuɗinka, ka ci riba na wasu shekaru, ga takarda da jan hatimi.

Shuanhu a lokacin direban motar kwal ne. Wata ranar kaka ya hau tudu da kwalin taba a hammata, ya sami yayansa yana sussukar gero.

"Yaya, mu tara ne muka haɗu, saura mutum ɗaya. Sayar da awaki talatin ka shigo."

Mantun bai ajiye sanda ba. "Rijiyar ta wa ce?"

"Tamu mana."

"Ƙasar da za ku huda fa?"

"Ta gwamnati."

"Man da ke ciki?"

"Na gwamnati ne, amma ai..."

"To mene ne naku a ciki? Ramin?" Ya yi dariya har da dafe ƙugu. "Wasu cinikin biri a sama suke yi, kai naka birin ma a ƙarƙashin ƙasa yake. Kayan aro ba ya rufe katara, yaro. Je ka ja motarka."

Tsakani da Allah, a duk rayuwar Mantun bai taɓa faɗin magana mai hankali kamar ta ranar nan ba. Matsalar ita ce gaskiyar tasa a ƙafa ta taho, sai da ta yi shekara takwas a hanya. Man kuwa a kwana arba'in ya fito. Aka ɗaura jan ƙyalle a kan injin, aka yanka raguna, masu algaita suka yini suna busa. Duk gari ya tafi cin nama ban da Mantun, wai akuyarsa ce ke naƙuda. Daga bayan garke ya tsaya yana leƙen kwarin, kuma matarsa Gailan ta ce ranar ko ruwa bai iya haɗiya ba.

Rijiya ɗaya ta haifi ta biyu, ta biyu ta haifi ta uku. Shuanhu ya bar kogo ya gina gida mai farin tayil, ya sa talabijin, ya sayi baƙar mota. Duk wannan Mantun zai iya haɗiye shi, da ƙyar dai, amma zai iya. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne tsohuwa. Ya je ɗauko ta ya tarar kumatunta sun ciko, kuma tun a kan amalanke ta fara labari.

"Ka san a gidan Auta bargo ma wuta ake jona masa? Ka kwanta ka ji ɗumi har cikin ƙashi. Jiya da naman rago aka yi mana taliya, shekaranjiya ma haka."

Surutun tsofaffi ne kawai, abin da ta gani take faɗa. Amma a kunnen Mantun kowace kalma mari ce. Suna isa gida ya sauke ta, ya wuce garke, ya jawo wata baƙar akuya ya yanka.

Gailan ta fito da ludayi a hannu. "Baban Hongmei, biki ake?"

"Uwata ce ta zo."

"Wancan karon ma uwarka ce ta zo. Kunun gero ta sha da dankali, ba ta mutu ba."

"Ɗora tukunya, ke dai."

Daga ranar ya zama doka. Duk watan da tsohuwa ta hau tudu, akuya ɗaya ta sha wuƙa, wani lokaci a kai ta biyu kasuwa a sayo garin alkama, don ya ji an ce a gidan Shuanhu an daina cin gero. Ya zauna gabanta yana tura mata tsoka cikin kwano yana tambayar wanne ya fi laushi, wannan ko na can. Ita kuwa ta ce duk nama nama ne. Wannan amsar ma ba ta yi masa ba.

Sai tsohuwa ta fara nawa. Da farko dusar ƙanƙara ce ta rufe hanya, ta ƙara kwana uku a kwari. Na biyu tari ne, ta ƙara kwana goma. Ran nan Mantun ya isa da amalankensa, ya same ta zaune a kan kushin, ko ƙunshin kayanta ba ta ɗaure ba.

"Babba, bar ni nan wannan watan. Gwiwata ba za ta iya tudun nan ba."

"Ai ba da ƙafa za ki hau ba, Inna."

"Girgizar amalanken ce ba na so."

Ya juya da amalanke wayam. Ranar kam hanyar bayan gari ya bi, amma a ƙauye ina za ka ɓuya? Washegari yana wucewa da awaki, wani tsoho a gindin katanga ya cire lofe daga baki ya ce, "Dang Babba, watan naka zazzaɓi ya yi ne? Ba mu ji ƙararrawa ba." Sauran suka tuntsire da dariya.

Shi kuwa Shuanhu ba shi da mugun nufi, sai dai alherinsa da ganga yake zuwa. Ya hau tudu da mota tsakar rana, kowa na gani, ya sauke buhun garin alkama biyu da rabin rago a ƙofar yayansa.

"Yaya, ga wannan, in Inna ta zo. Ka bar awakin nan haka, sun ragu."

"Wa ya ce ka ƙirga min awaki?"

"Haba Yaya, ai uwarmu ce mu biyu."

"A watanka uwarka ce. A watana ba ta zuwa gidana da guzuri. Kwashe."

Gailan na tsaye a ƙofa tana kallon garin alkama yana komawa cikin mota. Kwana huɗu ba ta ce wa mijinta uffan ba.

Hassada ce, babu wani suna da za a sa mata, kuma ta ci shi ta cinye. Yana kiwo a kan tudu, idonsa na kan hanyar kwari yana ƙirga tankokin da ke fita daga rijiyoyin ƙanensa, har ya fi Shuanhu sanin adadinsu. Ranar da aka ce rijiya ta biyu ta fara kawo ruwa maimakon mai, ya dawo gida yana fito, ya ci kwano uku. Gailan ta dube shi ta ce, "Tir da wannan ƙoshi." Bayan sati aka gyara rijiyar, cikinsa ya koma ya ɗaure.

A shekara ta bakwai, wata biyu kacal tsohuwa ta yi a gidansa. Ta kai tamanin ba ɗaya, hannunta ya fara rawa. Mantun ya zauna ya yi tunani, mutuwa ba ta aiko da wasiƙa, in ta zo yau a kan kushin ɗin Shuanhu za ta same ta. Kuma a ganinsa ba abin da ke riƙe da uwarsa a kwari sai rijiya. To shi ma zai yi rijiya. Mutum goma sha ɗaya na haɗa kuɗi za su haƙa a tudun gabas. Ya sayar da ragowar awakin, ya sayar da alfadari da amalanke, ya sayar da duwatsun da ya yi shekara biyar yana sassaƙawa don gina wa ɗansa ɗakin aure. Abin da ya rage, wurin 'yan'uwan Gailan aka karɓo. Ta yi kuka, ta yi zagi, ta je.

Labari ya kai wa Shuanhu. Wannan karon a ƙafa ya hau, ba mota, ba buhu.

"Yaya, janye kuɗinka tun ba a kafa ƙarfe ba. A birni magana ɗaya ake yi, za a karɓe rijiyoyin nan. Umarni ya fito daga sama tuntuni, gunduma ce ke jan ƙafa. Ni kaina rabona da zuba ko yuan ɗaya a rami shekara guda ke nan."

"Shekara bakwai kana sha, yau da na miƙo cokali miyar ta yi tsami?"

"Kai ne fa ka fara faɗa. Ka ce kayan aro ba ya rufe katara."

"Na faɗa. Ga shi kuwa ya rufe taka, har da tayil. Tsoro kake ji. Ka san ranar da mai ya fito a tudun gabas, Inna ta bar gidanka."

"Ashe nan ka dosa," in ji Shuanhu, ya juya ya gangara. Mantun kuwa ya shiga ɗaki yana ce wa Gailan, "Kin ga ɗan baƙin ciki? Jininka, amma ba ya son ka samu." Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Aka kafa ƙarfe, kuma ka ji ikon Allah, a kwana talatin da shida mai ya fito, baƙi wuluk. Da aka zo kiran masu algaita, Mantun ya nace sai takwas, saboda na Shuanhu biyar ne. Da rabon farko ya shigo hannunsa, ya aiki Gailan gidan ƙanensa wai gaisuwa, ta auno faɗin talabijin ɗinsu da hannu, ya sayo wadda ta fi ta da yatsa huɗu. Ya sayi bargon lantarki. Sannan ya ɗauko shatar mota tun daga gunduma, don tafiyar da ba ta kai a shanye karan taba ba, ya je ya ɗauko uwarsa, direba na danna hon.

Ta zo kuwa, ba gwiwa, ba tari. Wata biyar cur ta yi a gidansa, duk tsawon sanyin. Mantun bai taɓa jin daɗin duniya kamar na watannin nan ba. Da hantsi ya fito da ita ƙofar ɗaki ya zaunar don masu wucewa su gani. Har fara'a ya fara yi wa Shuanhu, fara'ar wanda ya ci gasa.

Ana shirin shuka dankali motoci suka shigo da lasifika. Hukuma ta karɓi abinta, duk rijiyoyin gundumar sun koma hannun kamfanin gwamnati, masu kaso su bar wurin cikin kwana uku. Mantun ya buɗe akwati ya ɗauko takardarsa, ya nufi tudun gabas da sauri. Ya sami wani jami'i mai tabarau yana sa sabon kwaɗo a ƙofar shingen.

"Ɗan nan, ina za ka da rijiyata?"

Jami'in ya karɓi takardar da hannu biyu, da ladabinsa, ya duba ya mayar. "Baba, nuna min inda aka ce taka ce."

Mantun ya bi layukan da yatsa. Karatunsa na aji uku ne, amma ya isa. Haɗin gwiwa, ya gani. Zuba jari, ya gani. Rabon riba, ya gani. Ya juya bayan takardar, fari fat.

"Awakina ne a cikin ramin nan."

"Za a ƙiyasta a biya diyya, Baba."

An biya, ba a ce ba a biya ba, abin da ko rabin kuɗin surukansa bai kai ba. Abin da ya fi ƙona masa rai, injin bai tsaya ko na minti ɗaya ba. Yana ta duƙawa yana ɗagowa a bayan shinge, ko a jikinsa.

To, abin kunya ne, amma sai an faɗa. Daga tudun gabas ba gida Mantun ya nufa ba. Sai da ya zaga ya ga kwaɗo a rijiyoyin Shuanhu duka uku, ɗaya bayan ɗaya, ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Yanzu mun yi daidai, in ji shi a ransa. Daidai a ina? Shuanhu ya fitar da uwar kuɗinsa ninkin-ba-ninkin tun shekarun baya, yana da gida a bene a birnin Xi'an da gidan sayar da abinci. Kafin damina ta tsaya ya fara ɗaure kaya zai koma can da iyalinsa, tafiyar yini guda a mota. Zancen wata nan wata can ya ƙare, dole tsohuwa ta zaɓi ɗaya.

A ɗakin Mantun aka zauna, tsohuwa a kan gado, 'ya'yan biyu a ƙasa, Gailan a jikin murhu tana yi kamar ba ta ji.

"Ba wata magana," in ji Mantun. "Kawu ya yanke tuntuni. A gadon nan za ta zauna."

"Babba," in ji tsohuwa, "Auta zan bi."

Abin da Mantun ya yi shekara takwas yana dannewa ya ɓalle masa. "Saboda nama ko, Inna? Fito ki faɗa. Mai ya ƙare a nan, nama ya ƙare."

Ta buɗe baki ta nuna masa haƙoranta da yatsa. "Ƙirga. Huɗu ne, biyu ma rawa suke. Wane nama? Duk tsokar da ka tura min, a hannun riga nake zurawa in ba kare. Karenka ya yi ƙiba ba ka lura ba, idonka na kwari." Ta gyara zama. "Duk watan da na hau tudun nan, akuya ɗaya ta tafi. Ina ƙirgawa. Da suka sauko talatin na ce gwiwa. Gwiwata ƙalau take. Cewa na yi in na zauna can, yaron nan zai ajiye wuƙa. Sai ka tattara su gaba ɗaya ka zuba a rami. Da man ya fito na ce to, yanzu zuwana ba zai rage maka komai ba, ai ka ga na zo."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Wa ke faɗa maka magana? Auta ya faɗa maka, me ka ce masa?"

Mantun ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, muryarsa ta karye. "To ki zauna yanzu. Kunu za ki sha, na rantse, kunu kawai."

"Da kana da awaki arba'in ban yarda na zauna a wuyanka ba. Sai yanzu da geron kunun ma na surukanka ne?" Ta miƙa hannu ta kakkaɓe masa ƙura a kafaɗa. "Ka sallami mutane, ka yi wa ɗanka aure. In na ji jikina ya sauya, zan ce a kawo ni."

Ta tafi a baƙar motar Shuanhu. Kamfanin gwamnati ya nemi masu gadi 'yan gari, Mantun ya je ya ba da suna, aka ba shi hula da 'yar bukka a tudun gabas, yana gadin rijiyar nan. Duk wanda ya dawo daga Xi'an sai ya tare shi da tambaya. In aka ce ta rame ya ji haushi, in aka ce ta yi ƙiba ya fi jin haushi.

Wata goma sha huɗu ta yi a can, kuma jikinta bai ba ta sanarwa ba. Wata safiya ta tashi za ta buɗe taga, ta faɗi, kafin rana tsaka ta cika. Shuanhu ya kawo ta gida a mota, aka shimfiɗe ta a tsakar gidan Mantun, tuni an sa mata tufafinta.

A Dangwan ba a rufe akwatin mace sai danginta sun zo sun gamsu. Mutanen Bai suka iso daga ƙauyensu, suka hau gadon ƙasa suka jeru, Kawu Bai a tsakiya, ya tsufa tukuf, kunnensa ɗaya ya mutu. 'Ya'yan mamaciya cikin fararen kaya suka durƙusa a ƙasa, babba a gaba, ƙarami a bayansa. Dangin uwa ke tambaya, babba ke amsawa, kuma ba mai tashi sai an ce ya tashi. Rabin gari na tsakar gida, an yi cincirindo a taga.

"Wane ciwo ne ya ɗauki yayata?" in ji Kawu Bai.

Mantun bai sani ba. Daga bayansa ya ji Shuanhu yana raɗa, "Jijiya ce ta fashe a kai." Ya maimaita.

"Me ta ci a ranarta ta ƙarshe?"

"Kunun gero, rabin kwano," in ji raɗar. Ya maimaita, harshensa na ɗaci.

Kawu Bai ya dafa gwiwa ya sunkuyo. "Wa ya riƙe ta? Wa ya sa mata kaya?"

Raɗar ta yi jinkiri, sannan ta zo. "Ce kai ne, Yaya. Ce na aiko mota ka iso da ranta."

Mantun ya san da ya faɗa da an wuce wurin, irin wannan ƙaryar gari kan taya mutum rufe ta. Amma ita ma daga hannun Shuanhu za ta fito.

"Ba ni ba ne," in ji shi.

Kawu ya juyo da kunnen da ke ji. "Me ka ce?"

"Ba ni ba ne, Kawu." Wannan karon har na bakin ƙofar gida sun ji. "Ba na nan. Ina gadin rijiya."

Tsohon ya sa aka kunna tsinken turare aka kafa a gaban Mantun. "Auta, tashi, ka sauke naka nauyin. Babba, kana nan sai wannan ya cinye."

Shuanhu bai tashi ba. Ya matso da gwiwoyinsa kusa da yayansa, hawaye na zuba, ya ce shi ma zai zauna. A taga mata suka fara cewa, Allah sarki, ɗan kirki. Mantun ya ji su sarai. Ya juyo ya dubi ƙanensa, idonsa jawur, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"An ce ka tashi, ka tashi mana. Wannan kam nawa ne. Bar min."

Shuanhu ya tashi.